Farar Safar Hannun Baban Auta

Kai da ka buɗe jakar nan, ko ɗana ne kai, ko suruka, ko jikan da ban gani ba tukuna, ka nemi wuri ka zauna kafin ka fara karantawa. Ba labarin nishaɗi ba ne, kuma ban ajiye shi don a yi hira da shi a gidan biki ba. Wasiƙu ne tsakanina da autata, a shekarar da take aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti mai nisa, ni kuma ina gida ina jinyar babanta. Nawa nakan kwafe su kafin in aika, yadda aka koya mana a sakandare. Nata kuwa ga su nan da rubutun hannunta.

Babanta ya yi aikin ba da hannu a titi har ya yi ritaya. Da ciwon mantuwa ya kama shi, ya manta sunayen 'ya'yansa, yakan manta ko ya ci abinci, amma bai manta aikinsa ba. Waya ba ma yawan yi da Auta, don in ya ji muryarta bai gan ta ba sai ya yi ta bin ɗakuna yana nemanta har ya gaji. Ni ma ba a yi mini magana mai nauyi a waya. Shi ya sa muka koma takarda, wani direban motar haya yana kai mana yana kawowa.

In ka gama ka mayar da su yadda ka same su. Kada ka ɗauki hotonsu. Za ka ga dalili.

*

Zuwa ga Mama da Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da fatan kun tashi lafiya. Baba, ya aiki? Ya masu babur, suna bin doka ko sai an hura musu usur? Ni lafiyata ƙalau, ina ci ina ƙoshi, kada Mama ta ce maka na rame.

Mama, daga nan ƙasa naki ne, kada ki karanta masa.

Ya ciwon bayanki? Kin ce ya yi sauƙi, amma na san ki, ko kina rarrafe za ki ce ya yi sauƙi.

Akwai abin da nake so ki sani. Na buɗe shafi a intanet, irin wanda ake cewa bulog, ina rubuta 'yan abubuwa a ranar hutuna. Yawanci a kan Baba nake rubutawa: yadda yake fita da safe da rigarsa da farar safar hannu ya tsaya a mahaɗar bakin layinmu, da yadda kowa yake tsayawa in ya ɗaga hannu. Tunda ba na kusa balle in taya ki wanki da ɗauka, in na rubuta sai in ji kamar na taɓa shi.

Matsalar ita ce ba mai karantawa. Ni ce sai abokiyar ɗakina, ita ma sai na tsaya a kanta. Har ta sa mini suna marubuciyar bango, wai da bango nake magana.

To an nuna mini wasu dandali da mutane ke ajiye adireshin abin da suka karanta ya yi musu daɗi. Mutum ya ajiye, ya manna masa lakabi, wasu su gani su ma su ajiye, ta haka masu karatu ke zuwa. Suna da yawa, kowanne da irin mutanensa, sai mutum ya zaɓa. Akwai wani ƙarami na masu jinyar tsofaffi. Na leƙa na ga duk irinki ne, Mama, masu hannu a ruwa kullum. Ina so in kai rubutuna can. Ba zan kai ba sai kin ce to.

Taki,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Mun samu takardarki. Na karanta wa babanki nasa sau uku, ya ce a gaya miki masu babur sun shiryu, sai wani mai jan kura da ba ya jin usur. Bayana yana nan yadda kika san shi. Ba shi ne abin tambaya ba.

Ban ji daɗi ba da kika fara rubuta mahaifinki kafin ki tambaya, sai da kika rasa masu karatu sannan kika tuna kina da uwa. Yaran yanzu ba ku iya riƙe abu a ciki ba, komai sai an shanya. Mu mun taso ana rufa wa marar lafiya asiri kamar yadda ake rufa masa bargo.

Ki san abin da kike rubutawa. Kullum da yamma ina wanke safar nan da sabulu in shanya a bayan taga, don in ya tashi bai same ta fara ba ba ya karyawa. Ina goge rigar, ina goge maɓallanta. Ya fita bayan yara sun fara wucewa makaranta, ya dawo in rana ta ɗaga, ya zauna ya ce yau an sha aiki, ya cinye abincinsa tas. Ranar da ruwan sama ya hana shi fita, yini yake bai san ni ba. Mahaɗar nan ita ce maganinsa, ta fi duk ƙwayoyin da likita ya rubuta.

Kuma ba shi kaɗai yake yi ba. Mai facin da ke bakin kwana shi ke sa masa ido, shi ya bi masu babur ɗaya bayan ɗaya ya roƙe su. Yanzu ko layin babu kowa, in babanki ya ɗaga hannu sai mutum ya taka birki ya jira. Ba wanda ya taɓa dariya. Wannan mutuncin layi guda ne, ba naki ke kaɗai ba.

Duk da haka na yi tunani. Akwai ranakun da nake zama a bakin gado in rasa wanda zan gaya wa na gaji. In akwai mata irina da rubutunki zai sanyaya wa rai, ki kai musu. Sauran wuraren da kika ce suna da yawa ban fahimce su ba. Ki yi mini bayani a takarda kafin ki taka ko ɗaya.

Ki rage shan abin sanyi. Ki riƙe salla a kan lokaci.

Mahaifiyarki

*

Zuwa ga Mama da Baba,

Ina gaisuwa mai yawa. Baba, a kama mai jan kurar nan, kada a raga masa. Ina nan tafe in ga yadda kake juya hannu, har yau ban iya ba.

Mama, naki.

Na gode da izinin, kuma faɗan ma na karɓa. Na kai rubutun dandalin masu jinya. Ba su da yawa, amma sun karanta har ƙarshe. Wata ta ce nata uban tela ne, yana yini yana taka keken da babu zare, ita kuma tana karɓar ƙyallen tana yaba ɗinki. Ta ce in gaishe ki, in ce miki ta san nauyin guga. Na yi kuka a wurin aiki har shugabarmu ta tambaye ni ko an yi rasuwa.

Ga bayanin da kika nema. Bayan nasu akwai na marubuta, amma can kowa nasa yake tallatawa, ba mai karanta na wani. Sai babban, wanda duniya take ciki. Can in mutane suka so abu sai su ɗaga shi da ƙuri'a, ya hau sama, dubbai su gani a yini guda. Sai dai dogon rubutu ba ya tashi a can, sai da hoto. Ina da ɗan bidiyon da na ɗauka zuwana na ƙarshe, inda Baba ya tsayar da mai ruwa ya ba 'yan makaranta hanya. Ya yi kyau, Mama, kamar yana da shekara arba'in. Kuma dole mutum ya zaɓi sashen da zai ajiye. Sashen lafiya ba kowa. Sashen abubuwan sa murmushi ya fi jama'a, can nake so in sa, da suna mai mutunci.

Ba don kaina kaɗai ba. Ina so a ga akwai layin da ake tsayawa don tsoho. Amma ba zan ɓoye miki ba, ina so a karanta ni. Na gaji da magana da bango.

Na san halinki, abin da ba ki so ba kya kwana da shi. In wata ya ƙare ban ji daga gare ki ba, na san kin yarda.

Taki,
Auta

*

Mama,

Ina fatan kuna lafiya. Shirun ya yi yawa. Na tambayi direba ya ce ya kai takardata tun tuni, kuma ya ga Baba a tsaye a wurin aikinsa garau. Wannan ya kwantar mini da hankali.

Da wata ya ƙare na sa. Mama, ya tashi. Na kwanta da masu karatu da ba su cika ɗaki ba, na wayi gari wayata tana ta ƙara kamar za ta fashe. Abokiyar ɗakina ta janye sunan da ta sa mini.

Abu ɗaya ne ya ɗan dame ni. Ban san cewa duk wanda ya ajiye yana da ikon manna nasa lakabin ba, kuma lakabin da ya fi yawa shi ke fitowa a sama, ba nawa ba. Wasu ba su da tarbiyya. Amma na ga masu addu'a ma suna da yawa, kuma irin wannan kwana biyu ne a manta.

Ki rubuto ko layi biyu ne. In fushi kike ki faɗa, na fi sabawa da faɗanki.

Auta

*

Zuwa ga Auta,

Muna raye. Ban karanta wa babanki takardarki ta ƙarshe ba, don babu nasa a ciki. Kin manta ki gaishe shi.

Kin ce in rubuto. To ki karanta a zaune.

An fara da baƙin fuska. Mutum ya tsaya a tsallaken titi ya ɗaga waya, ya gama ya tafi. Mai faci ya zo ya same ni ya ce, Mama, akwai abin da ke faruwa, allon shagon magani ya fito a wani bidiyo, da shi ake gane layinmu. Ban gane ba sai da ya nuna mini. Na ga mijina a tafin hannun mai faci, da rigar da na goge da hannuna. A ƙasa an rubuta: mahaukacin mahaɗa.

Na so in hana shi fita. Na ɓoye takalmansa, ya fita ba takalmi. Sai na mayar masa.

Ranar Talata wasu samari suka zo a mota. Ya ɗaga musu hannu suka ƙi tsayawa, suka yi ta zagaye shi suna danna ham. Ɗaya ya zo da nasa usur, in babanki ya hura shi ma ya hura. Ɗaya ya fito ya ƙame yana sara masa, sauran suna ɗauka. Kafin mai faci ya taso da ƙarfen cire taya, wani ya riga ya kai wayar gaban idon babanki yana cewa, tsoho ga ka nan ka yi suna.

Kin san abin da likita ya ce, ciwon yakan ɗaga kamar labule, ya sake sauka. Kuma kin san karatu bai bar shi ba. Da labulen ya tashi ɗagawa bai zaɓi wata rana ba sai wannan.

Ya dawo tun rana ba ta yi zafi ba. Ya zauna a kujerarsa ya zare safar yatsa bayan yatsa, ya ɗora a gwiwa. Ya kira ni da sunan da bai kira ni da shi ba tun bara. Ya ce, "Yaushe na yi ritaya?" Na gaya masa. Ya shafa safar da ke gwiwarsa. Sannan ya ce, "To duk tsayawar nan da suke yi mini, tausayina suke ji?"

Na ce girmanka suke gani. Ya dube ni irin kallon da yake wa direban da ya ce bai ga hannu ba.

Washegari bai nemi rigar ba. Da na ɗauke ta zan ninke, na ji takarda a aljihun ciki, wanda ba na taɓawa wurin guga, inda yake sa takardun masu laifi a da. Taki ce, wadda kika yi bayanin wuraren a ciki, ba a ko buɗe ba. Da na tambaya, ashe direban ya zo wucewa babanki ya tsayar da shi, shi kuma don ya huta shiga layi sai ya miƙa masa ta taga. Babanki ya karɓa ya sa a aljihu ya ba shi hannu ya wuce. Ni kuwa ina nan ina cewa Auta ta samu duniya ta manta da mu.

Na karanta. Da ta zo hannuna a ranar, da kin ji ni kafin ki kwanta. Kika ɗauki uban da ba zai iya ce miki e ko a'a ba, kika kai shi sashen murmushi don can ne jama'a. Kika mai da shiruna amsa. Kin ce kina so a karanta ki. To an karanta, har shi ma ya karanta.

Kada ki kira. Na kashe wayar.

Mahaifiyarki

*

Mama,

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Ya jikin Baba? Yana cin abinci? Ki gaya mini ko da a bayan ambulan ne.

Na kira har na daina ƙirgawa. Na goge bidiyon, na rufe shafin gaba ɗaya. Amma ajiyar da mutane suka yi ba a hannuna take ba. Kowa ya kwafa ya kai wani wuri da nasa lakabin. Na rubuta wa masu kula da dandalin, suka amsa da cewa za su duba. Matan nan masu jinya ne kaɗai suka tsaya mini, suna bi suna kai ƙara duk inda suka gan shi. An sauke wasu. In an sauke ɗaya sai in ga biyu.

Ba zan kare kaina ba. Na ga alamar tun ranar farko, na ga lakabin, na ce kwana biyu ne. Ina kallon lambar masu karatu tana hawa, raina yana so. Sau biyu na ɗauki waya in tambaye ki kafin in sa, sai in tuna ba a yi miki magana mai nauyi a waya, sai in ajiye. Gaskiyar ita ce na ji daɗin samun dalilin ajiyewa.

Jiya a wurin aiki na ɗauko safar roba zan sa, fara ce, na kasa. Shugabarmu ta ce in je gida in huta. Ban san wane gida take nufi ba.

Na bar rubutu, Mama, har abada. Ina so in zo, amma ina tsoron ranar da zan shigo ta zama ranar da labulen zai ɗaga, ya gane ni, ya san ni ce. Kuma ina tsoron kada ya ɗaga. In kin ce kada in zo ba zan zo ba. Wannan karon zan jira sai na ga rubutunki.

Ki ce wa Baba ina gaishe shi. Ban san ko zan ce ya aiki ba.

Auta

*

Zuwa ga Auta,

Na samu takardarki, direban ya kawo har ƙofar ɗaki, kansa a ƙasa. Na bar ta kwanaki a ƙarƙashin matashi don kada in amsa da zafi. Na gaishe da babanki. Ya tambaya wace ce, na ce ƙaramar. Ya ce Allah ya yi mata albarka.

Yana ci kaɗan, sai na bi shi da cokali. Ƙafafunsa sun fara kumburi saboda zama. Labulen ya sauka, bai ƙara tambayar ritaya ba, ina jin ya manta samarin da wayarsu. Amma ƙin fitar bai manta ba. Ya manta dalili, ciwon ya zauna.

Mutanen layi sun yi ƙoƙari. Wata safiya mai faci ya tara masu babur da mai ruwa da mai jan kurar nan, suka cushe mahaɗar da gangan suna ta ham. Ya shigo da gudu yana cewa, ranka ya daɗe, hanya ta rikice, ba mai iya warware ta sai kai. Na ɗauko safar na miƙa. Babanki ya tashi ya je taga, ya daɗe yana kallo, har na ga yatsunsa suna motsi. Sannan ya ce su nemi wani, ya koma ya zauna. Mai faci ya fita yana share ido da gefen riga, ƙaton mutum.

Ban ce ki bar rubutu ba. Wannan ma irin gaggawar da ta kai ki can ce. Allah ya ba ki hannu, ki rubuta abin da yake naki: aikinki, kewarki, wautarki. Matan nan masu jinya ki riƙe su, ki gaishe mini da 'yar tela. Kin tashi zaɓen wuri kika duba inda aka fi yawa, ba ki duba su wane ne a ciki ba.

Ban huce ba, kada ki ɗauka na huce. Amma ki zo. Ki nemi hutu ki zo a farkon wata, bayana ba ya iya ɗaga shi ni kaɗai. Na kunna wayar. Daga yau abin da ya shafi babanki a kira ni ko ina kan sallaya, zan sallame in ɗauka.

Akwai abin da za ki tarar, gara in gaya miki. Shekaranjiya na fito daga kicin da tire zan ratsa falo, sai ya ɗaga hannu daga kujerarsa. Hannu tsirara, ba safa. Na tsaya cak, shayi yana huce mini a hannu. Ya duba dama, ya duba hagu, sannan ya ba ni hanya. Jiya ma ya yi. Falon nan shi ne abin da ya rage masa.

Saboda haka ga dokar gidan nan, ki gaya wa yayyenki da matansu, kuma ta hau kan duk wanda zai taka ƙofata. Ba hoton kowa ko labarin kowa da zai fita daga gidan nan sai mai shi ya ce to da bakinsa. Wanda ba zai iya faɗa ba, amsarsa a'a ce. Shiru ma a'a ne. Waya kuma a kan teburin bakin ƙofa ake barin ta. Kuma duk wanda zai ratsa falo, babba ne ko yaro, in babanku ya ɗaga hannu, ya tsaya har sai an ba shi hanya.

Mahaifiyarki